Shekarar da Na Sare Dawata Na Haƙa Kabari

Na san abin da kuke faɗa a bayan idona, kada ku ɗauka kunnena ya mutu. Kuna cewa Baba ya ɗauki arzikin gida ya ba matattu, matattun ma ba nasa ba. Kai Nasiru, da yake kai ne babba, ka fi kowa iya tsara zancen. Da babbar sallar da ta wuce ka zauna a gabana ka lanƙwashe ƙafa, ka ce wai rabin filin da ke bakin titi har yanzu ba a haƙa ko kabari ɗaya a cikinsa ba, wai akwai mai son gina siton ajiye kaya, wai in na yarda a yanke masa wannan rabin kowa ya huta. Ƙannenka suna gefe sun sunkuyar da kai, sai ka ce ba da su aka ƙulla ba. Ban ba ka amsa ranar ba, don na san halina, da na buɗe baki da ba a ci naman nan lafiya ba. To ga amsar nan a rubuce. Amma sai kun bi ni mun koma baya tukuna, don lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, abin da kuka sani kawai shi ne abin da aka gaya muku a gidan baffanku Ado.

Mu mutanen gefen Challawa manoma ne tun kakanni. Ina yaro, in ka tsaya a ƙofar gidanmu dawa za ka hango har inda idonka ya ƙare, kuma in an yi rasuwa a unguwar nan duk mu taru ba mu wuce sahu uku ba. Sai hukuma ta zo ta ce za a kafa masana'antu. Aka auna gandun mahaifinmu, aka ba shi abin da aka ba shi, aka ja katanga. Abin da ya tsira gayauna biyu ne da suka faɗa wajen layin awo. Da tsohon ya rasu, ɗaya ta zama ta Yaya Ado, ɗaya ta zama tawa. Kamfanonin fata suka tashi, na roba suka biyo, jiniya ta fara tashin mu da safe. Sai ga mutane. Daga Ringim, daga Gumel, daga Kazaure, daga Damagaram da Maraɗi, kowa da tabarmarsa a naɗe da 'yar jakarsa a kafaɗa. Wanda bai dace a Bompai ba ya gwada Sharada, wanda Sharada ta ƙi shi ya gangaro mana.

Mu kuwa 'yan gari wallahi mun sha daɗi, kada wani ya zo ya yi muku ƙarya. Turken awaki ya koma ɗakin haya. Inda rumbu yake aka rushe aka jera ɗakuna. Matanmu suna dafa shinkafa da wake suna aikawa ƙofar kamfani, kafin azahar tukunya ta ƙare. Motar haya da a da sai mun taka har bakin hanyar Zariya muke samu, ta fara shigowa har ƙofar masallaci. Aka yi kasuwar yamma, aka kawo famfo, aka gina firamare da asibitin sha-ka-tafi, kuma ba don kyan fuskarmu aka yi ba, don yawan mutanen ne. Yaya Ado ya yanka gayaunarsa fuloti-fuloti ya sayar, ya cika bayan gidansa da ɗakuna, ya je Makka ya dawo da haƙori yana walƙiya. Ni ma na shiga kamfanin fata, sashen da ake jiƙa fata a wanke mata gishiri, amma gonata na riƙe ta. Ba wai na fi kowa tsoron Allah ba ne, taurin kai ne kawai da son tuwon dawar da na noma da hannuna.

A wurin aiki na san Isuhu. Mutumin Nijar ne, dogo siriri, in ya saɓa jiƙaƙƙun fatu a kafaɗa sai ka rantse karyewa zai yi, amma mu ne muke fara gajiya. Shekara goma sha ɗaya ya yi a ɗakin haya a gidan Yaya Ado, shi da matarsa Hadiza. Shi ke share masallaci, in ladan ya makara shi ke kiran salla. Ranar Lahadi kuma sai ya ɗauki fartanya ya bi ni gona, ba wanda ya roƙe shi. In na ce ya huta, sai ya dumbuzi ƙasa ya murza a hannu ya ce:

"Malam Garba, ku kuna da ƙasa ba ku san kuna da ita ba. Mu can sai ka shibka sau ukku, rairayi shi binne."

A shekarar da nake ba ku labari, tsohuwar maƙabartarmu ta matse. Katangar kamfani ta tare ta daga gabas, ɗakunan haya sun tare ta daga yamma, mu da kanmu muka gina su. Wata rana masu haƙa suka ci karo da ƙasusuwa, aka ce na mahaifiyar wani dattijo ne, hankalin kowa ya tashi. Dattawa suka taru a zauren mai unguwa, aka yanke cewa daga yau maƙabartar ta 'yan gari ce, baƙo in ya rasu a nemi mota a kai shi garinsu. Yaya Ado ne ya fi kowa ɗaga murya. Ina wurin a zaune, kuma ban ce uffan ba. Na ji abin bai kwanta mini ba, amma na ga manya sun yi magana, na ja bakina na yi shiru. Wannan ma ku sa shi a cikin laifina, ban ɓoye ba.

Ku kuma san wani abu. A lokacin wani Alhaji daga cikin birni ya riga ya taya gonar, na kuma ce masa ya bari in girbe abin da na shuka mu yi magana. Har na yi wa Innarku Rabi alkawari cewa in ciniki ya faɗa ita za ta fara zuwa Makka kafin ni. Ta yi dariya ta ce sai ta gani, amma na lura tun daga ranar ta fara tambayar matan da suka je yadda ake yin ɗawafi.

Farkon damina ne, dawa ta kai gwiwa, ruwa ya ɗauke kwana biyu zafi ya dawo. Isuhu ya kwanta ciwon ƙirji mako guda, ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka fito da makara ƙofar gidan Yaya Ado. Bayan azahar liman ya yi masa salla. Aka sallame, sai kowa ya tsaya cirko-cirko, don ba wanda ya san inda za a nufa da shi. Yaya Ado ya gyara babbar rigarsa ya ce:

"A nemo mota. Magana ce an riga an yanke, kowa ya sani."

Sai muka ji muryar Hadiza daga cikin zaure, a bayan labule. Ni tunda nake ban taɓa jin muryar matar nan ba sai ranar.

"Alhaji, ku kai shi ina? Garinmu babu kowa. Rijiya ta ƙahe, mutane sun watse. Wansa guda na Legas, guda na Agadas, sauran nan Kano suke bisa aikin ƙarhi. Ɗakin da aka haihe shi ko ruhi babu bisa kanshi. Wa za shi tarbe shi can?"

Aka tura wani a kan keke zuwa maƙwabciyar unguwa, ya dawo yana haki ya ce su ma irin dokar da suka kafa ke nan. Aka je wa mai unguwa, ya ce shi wallahi yana jin tausayi, amma in ya buɗe wa ɗaya ya buɗe wa kowa. Rana tana tafiya. Sau biyu ana jan makarar nan ana bin inuwar katanga da ita. Ina kallo ƙudaje suka fara sauka a kan tabarmar da aka lulluɓe shi, wani tsoho yana kore su da hularsa. Ana cikin haka jiniya ta busa, masu aikin safe suka tashi. Labari ya riga ya shiga kamfani. Sai ga su nan tuli, da takalman robarsu da warin fata a jikinsu, suka cika layin har bakin kwata. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi zagi, tsayawa kawai suka yi suna kallon makarar. Wani dattijo mutumin Gumel da muke aiki tare ya dube mu, mu 'yan gari, ya ce a hankali:

"Mu ma haka za a yi mana ke nan?"

 Ni kuwa raina ya gama ɓaci, kunya ta rufe ni. Na matsa kusa da yayana na ce:

"Yaya, shekara goma sha ɗaya yana kwana a gidanku. Da ransa ya dace da ɗakinku, yanzu da ya mutu ne ƙasarku ta fi ƙarfinsa?"

Ya juyo ya zare mini ido.

"Kai Garba, kama bakinka. Ranar da aka yanke maganar ba kana zaune ba? Wa ya riƙe maka harshe?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na juya na nufi gida. Na shiga na jawo diga da shebur da adda daga bayan ɗaki. Innarku tana tsakar gida tana tankaɗe, ta dube ni ta dubi digar, ba ta tambaye ni ina za ni ba, ta riga ta gane. Ta ajiye rariya ta ce:

"Malam, kun dai san in gawa ɗaya ta shiga gonar nan, ta tashi daga gona ke nan har abada?"

Na ce na sani.

"Kun san Alhajin nan ba zai dawo ba?"

Na ce na sani, Rabi.

 Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma na san ba Isuhu kaɗai take wa kuka ba. Sai ta miƙe ta ce:

"To da me za ku rufe shi? Tukwanen suna can tsohuwar maƙabarta a kulle, ba za su ba ku ba."

Ta je ta tuntsurar da babbar randarta, wadda ta zo da ita gidan nan ranar da aka kawo ta, ruwan ya malale tsakar gida. Ta haɗa da manyan tukwane biyu da take girkin suna a ciki, ta ce a turo masu ɗauka. Ku da kuke cewa na zalunci uwarku, ku ji wannan da kyau. Ban tilasta ta ba. Da ta ce kada in je, ban san abin da zan yi ba, amma ba ta ce ba.

Na isa gona na tsaya a kusurwar da ta fi nisa da titi, na sa adda na fara sare dawata. Dawar da ni da Isuhu muka yi wa noman fari tare. Kafin in share wurin da zai ishi mutum, sai na ji sawu a bayana. Ashe ma'aikatan sun ga na wuce da diga, sun ɗauko Isuhu sun biyo ni. Wani ya karɓe digar daga hannuna, wani ya hau darbejiya ya saro itace, aka fasa randa da tukwane gida biyu-biyu. Liman, Allah ya jiƙansa, ya biyo mu yana ɗingishi, ya ce shi dai a zauren mai unguwa ba a hana shi bin gawa ba. 'Yan gari da suka zo ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kafin rana ta yi ja mun rufe shi. Da aka shafa addu'a na miƙe zan yi magana, kuma wallahi niyyata in ce na ba da wannan kusurwar kaɗai. Da na ɗaga kai na ga yawansu, sun tsaya a cikin dawa har bakin titi, kowa ya zuba mini ido, sai na ji bakina ya ce:

"Liman, ku shaida. Gonar nan duka na yi waƙafi da ita. Duk musulmin da ya rasu a unguwar nan, ko daga ina ya fito, a kawo shi."

Abin da ya biyo baya kun ɗanɗana, ba sai na yi muku ado ba. Alhajin birni bai ƙara waiwayo mu ba. Masu fuloti a gefen gonar suka yi mini ca, wai na karya musu kasuwa, wa zai sayi fili jikin maƙabarta. Aka sa mini suna Garba mai gawa, yara suna faɗa a bayana. Yaya Ado ya ɗauke mini gaisuwa, in na shigo sahu ya koma wancan gefen, ko sunan Kabiru bai zo ba. Muka koma awo a kasuwa, mu da ba mu taɓa sayen dawa ba. Daga baya wuta ta lalace, kayan waje suka cika kasuwa, kamfanoni suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, namu ya rage ma'aikata har da ni. Innarku ta kafa kaskon ƙosai a bakin hanya, da shi aka rufa mana asiri. Kai Nasiru ka so ka wuce gaba da karatu ban iya ba. Rabi kuma ta rasu ba ta ga Makka ba. Wannan kam yana ci mini rai har gobe, in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. Na ɗauki alhakin duk wannan. Amma a ce na yi nadama, ina! Ko yau aka ajiye makarar nan a ƙofar gida, digar zan ɗauko.

Kuna ta cewa filin ya yi daraja. To ku zo nan, wa ya ba shi darajar? Da can da muke sahu uku, wa ya taɓa taya gonar nan ko da akuya? Da kamfanoni suka durƙushe an ce baƙi za su watse mu koma yadda muke. Wasu sun tafi, gaskiya ne. Amma da yawa ba su da inda za su koma, suka zauna. Wannan ya kama tuƙin adaidaita, wancan ya buɗe walda, wani yana tara robobi yana kai wa masu narkawa, 'ya'yansu suka tashi da Hausar Kano a bakinsu, suka auri 'ya'yanmu, suka yi gini har muka haɗe da Kumbotso ta nan, Na'ibawa ta can. Su suka sa aka zuba kwalta a titin da kuke ƙyalla ido a kansa. Mai siton ma ba don ku yake son wurin ba, don akwai hannun da zai yi masa lodi ne da bakin da zai ci kayansa. Wato ku ci darajar da suka kawo, su kuma ku hana su inda za su kwanta. Haba! Irin lissafin baffanku ke nan, na ƙi shi ina da ƙarfina, ba kuma zan karɓe shi yanzu don na tsufa ba.

Kuma ku dubi kanku. Yau ina kuke? Kai Nasiru kana Abuja, Musa yana Fatakwal, Kabiru yana Legas a ɗakin haya, Sadiya ce kaɗai ke kusa, a Hotoro. Abin da ya koro Isuhu daga garinsu shi ya kore ku daga naku, bambancin kawai ku kuna da waya a aljihu. Kai Kabiru, da kai nake. In ajali ya riske ka a can, me kake so mai gidan hayarka ya ce?

Akwai abin da ba a gaya muku ba a gidan baffanku, don su ma 'ya'yansa ba sa ɗakin. Shekarun baya tsohuwar maƙabarta ta cika ƙwarai, har 'yan garin ma babu wuri, aka sa mata kwaɗo. Da ciwon Yaya Ado ya yi tsanani ya aiko a kira ni, bayan shekarun da ban san adadinsu ba rabon da in taka zaurensa. Na same shi bayan la'asar, ya rame har na kusa kasa gane shi. Na gaishe shi, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki, sannan ya ce:

"Garba, akwai wuri?"

Na ce akwai, Yaya.

"Kusa da wa?"

Na ce layi ake bi. Wanda ya zo, ya kwanta kusa da wanda ya riga shi.

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ya ce to, a bi layin. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban ce na yafe ba, hannunsa kawai na riƙe har aka kira magariba. Kwana huɗu bayan nan muka kai shi. Yana can kwance, damansa wani masaƙi mutumin Ringim, hagunsa wata tsohuwa 'yar Maraɗi mai sayar da fura. Na yi kuka ranar, kukan da ban yi ba tun rasuwar Innarku.

Saboda haka ga amsarku: ba a yanka ko taku ɗaya. Abin da aka ba Allah a gaban shaidu ba gado ba ne, ku je ku tambayi duk malamin da kuka ga dama. Rabin da kuke cewa babu kowa a ciki, da masu shi, suna nan suna yawo a unguwa da ƙafafunsu, lokacinsu ne bai yi ba. Amma na san ku, jinina ne ku, taurin kan nan ba a ƙasa kuka tsince shi ba. Na san ina rufe ido za a samu mai cewa a sake duba maganar. Don haka makon jiya na kira liman na yanzu da masu haƙa, na roƙe su alfarma ɗaya, cewa ni kaɗai kada a bi layi da ni. Na kai su da ƙafata na nuna musu wurin, na kafa turke. A can bakin titi yake, tsakiyar inda ƙofar siton za ta kasance. In kun makara a hanya kada ku damu, ba za a jira ku ba, akwai masu ɗaukata da yawa. In kun iso ku tsaya ku yi mini addu'a. Wanda kuma har yanzu yake son sayarwa, bismilla, ya kawo mai siton, amma ya zo da digarsa, don da ubansa zai fara.